Kujerar Da Na Yi Wa Walda

Akwai abubuwa da yawa da tsufa ya goge mini, amma safiyar da na raka surukina Maraɗi ba ta cikinsu, kuma na san da ita za a kai ni kabari. Wannan abu ya faru ne a shekarun alif ɗari tara da casa'in, lokacin ina da ƴar rumfar walda kusa da tashar motoci a Madarunfa. Ina jin kaina sosai a lokacin. Duk wanda ya kawo ƙarfe sai na fara yi masa bayanin yadda masu waldan garin Ɗan Issa ba su iya komai ba, sannan in taɓa aikinsa.

Wata rana wani shofer, mai tuƙa motar haya tsakanin garinmu da Maraɗi, ya shigo da tsohuwar motarsa. Kujerar gaba ta fasinja ce ta tsinke daga ƙasa, tana lilo kamar haƙorin da ya kusa fita. Da na leƙa sai na ga tsatsa ta cinye ƙarfen da ke riƙe da ita, har yatsa yana shiga. Aikin gaskiya shi ne a cire kujerar, a yanke ruɓaɓɓen wurin, a sa sabon ƙarfe. Wannan kuwa aikin yini guda ne. Shi yana sauri don fasinjoji na jiransa, ni kuma lokacin kokowa ne, kunnena na kan rediyo, ana shirin sa zakaran da nake so. Sai na ɗiga walda wuri huɗu a kan tsatsar, na shafe da baƙin fenti don ido ya ga kyau. Na buga kujerar da tafin hannu, na gaya masa ko giwa ya ɗora ba za ta motsa ba. Ya tafi yana sa mini albarka.

Bayan kamar mako uku, idon surukina ya matsa masa, aka ce a kai shi asibiti a Maraɗi. Ƴaƴansa maza sun tafi cin rani Najeriya, don haka rakiyar ta faɗo kaina. Dattijo ne manomi, marar yawan magana, wanda tun da na auri ƴarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba. Muka isa tasha da hantsi, ina biye da shi riƙe da buzunsa da butarsa. Motar da ke kan layi kuwa, a duk motocin duniya, ita ce waccan.

Shofer yana ganin dattijo ya buɗe masa ƙofar gaba da girmamawa. Har ya ƙara da cewa ya zauna hankali kwance, surukinsa ne ya gyara kujerar da hannunsa. Na san abin da ke ƙarƙashin fentin nan, kuma na san hanyar da za mu bi, ramukanta sun fi lafiyayyen wurinta yawa.

Yanzu da nake ba da labarin, na ga abin da ya kamata in yi bai wuce buɗe baki ba. Sai dai faɗin gaskiya yana nufin in tsaya a tsakiyar tasha, gaban shofer, gaban matan da ke kai busasshen kifi kasuwa, gaban uban matata, in ce aikina na ha'inci ne. Sai na nemi dabara. Na durƙusa na ce, "Baba, da ka koma baya. Iskar gaba ba ta da kyau ga ido."

Dattijo ya ce a rufe gilashi mana. Shofer ya ce gilashin ya shekara bai rufu ba. Na samu abin kamawa, na nace, na yi ta kawo hujjoji irin na likitocin da ban taɓa zama ba. Dattijo ya sauko a hankali, ya shiga baya, ya zauna daidai bayan kujerar. Ni kuma na haye gaba, don a tunanina in ma wani abu zai faru, gara ya same ni. Ina jin matan nan suna magana ƙasa-ƙasa, wai zamani ya zo da suruki zai tayar da uban matarsa don ya sha iska. Na haɗiye. Har wani daɗi nake ji a raina, ina ganin kaina jarumin da ba a san darajarsa ba.

Kafin mu tashi aka cusa mini wani ƙaton dillalin shanu, don a motocin nan kujerar mutum ɗaya mutum biyu take ɗauka. Igiyar da ake ɗaure jiki da ita kuwa tuni aka yanke ta, da ita ake ɗaure ƙofar baya. Duk ramin da muka faɗa sai in ji ƙarfe ya yi ƙara a ƙarƙashina. Dillali yana ba ni labarin wani bijimi, ni kuwa babu addu'ar da na sani da ban karanta ba. Hannuwana biyu na dafe da gaban motar, don duk lissafina gaba kujerar za ta jefa ni.

Mun wuce rabin hanya sai wani amalanken shanu ya fito daga gona ya hau hanya. Shofer ya taka birki, motarmu ta tsaya cik, har na fara hamdala. Ashe akwai wata motar ɗaukar kaya a bayanmu, wadda mai ita ma, ina jin, wani gwani irina ne ya gyara masa birki. Ta same mu ta baya. Ba wani mugun karo ba ne, fitila ce ta fashe, ƙarfen baya ya lotsa. Duk wanda ke zaune kan kujerar kirki bai samu ko ƙwarzane ba. Amma ɗigon waldana huɗu suka saki lokaci guda, kujerar ta yi baya da ni da dillali, muka sauka a kan ƙafafun dattijon da na ɓoye a wurin don in cece shi.

Na tsinci kaina ina kallon rufin mota, ƙafafuna a sama, kifi a fuskata. A ƙarƙashina na ji dattijo yana salati a hankali. Da aka janye mu aka ɗaga kujerar, ƙafarsa ta hagu ta karye ƙasan gwiwa.

Jandarmomi suka zo, suka duba takardun motocin biyu, suka same su daidai. Takarda kam ba ta tsatsa. Shofer ne ya juya kujerar a bakin hanya, ya sa farce ya kankare fentin, ƙarfen ya marmashe a hannunsa kamar ƙuli-ƙuli. Ya ɗago ya dube ni, ya tambaye ni a gaban kowa ko giwar da na ce ita ce wannan. Ɗaya daga cikin masu kifin ta ce ashe shi ya sa na tayar da tsohon, na san abin da na shuka.

Mutumin da muka kai don ido sai ga shi a ɗakin masu karaya. Ya yi makonni a kwance, damina ta same shi bai iya riƙe hauya ba, ni na noma masa gonarsa a shekarar. Matata ta yi kwanaki tana ajiye mini tuwo ba tare da ta dube ni ba. A tasha kuwa aka daina kawo mini ko ƙafar tukunya, sai da na yi kusan shekara biyu kafin mutane su fara dawowa.

Shi dai bai taɓa zagina ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ranar da za a sallame shi, ina tattara kayansa, ya kira ni ya ce, "Ɗana, tun a tasha ka san kujerar nan ba ta da lafiya?" Na ce na sani, Baba. Sai ya ce, "Da ka faɗa, ai da mun jira wata motar."

Da sanda ya yi tafiya har ƙarshen rayuwarsa. Abin da na koya shi ne, aikin ha'inci laifi ɗaya ne, amma rufe shi da wayo ya fi shi muni, don mai wayon ba ya sanin ta inda abin zai ɓullo, kuma sau da yawa ba shi yake jin ciwon ba. Tun daga lokacin, in ƙarfe ya ruɓe nakan gaya wa mai shi ya ruɓe, ya ji haushi ya tafi in ya so. Kunyar minti ɗaya na guje wa a tashar nan, wani bawan Allah ya biya ta da ƙafarsa.