Kaskon da Ba a Auna Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar ƙanena, Malam Haruna. Lokacin da yake raye, masu zubin tukwanen dalma a Jega ba sa ɗora sabon kaskon narki a wuta sai ya ce a ɗora. Yau kowa da kunnensa yake saye.

Haruna malamin kimiyya ne a Aliero. Aikinsa auna ƙarfin yumɓu a lokacin da ya yi ja da zafi. Yakan rataye ɗan sandan gasasshen yumɓu cikin tanderu, ya riƙa ƙwanƙwasa shi ta wata 'yar kafa, na'ura tana ɗaukar ƙarar. Muddin yumɓun na da ƙarfi, ƙarar tana fita tas. Da jikinsa ya fara saki sai ta dushe, tun ido bai ga tsaga ba.

Na zauna a Fas ta ƙasar Maroko, na zauna a Kumasi, na yi ciniki da Larabci da Faransanci, kuma ko'ina na ga mai saye yana ƙwanƙwasa tukunya ne da sanyinta, ba a wuta ba. Da na gaya masa haka, dariya ya yi.

"Yaya, duk yawonka, ina ka ga an ɗauki kasko da sanyi? Da zahi ake ɗaukarshi, cike da narkakken ƙarhe, bisa ƙahwar mutum."

Yumɓun rami guda ne, can wajen Maiyama, ya auna ya yarda da shi. Ramin ya ƙare bara. Yanzu daga ko'ina ake kawo kasake, babu wanda ya auna ko ɗaya.

Ɗana Sani yana cikin masu zubin. Wata biyu da suka wuce ina zaune a rumfarsa, ya ɗago kasko da awartaki, sai gindin ya buɗe. Dalmar ta zube taki ɗaya daga ƙafarsa, ƙasa tana tartsatsi.

"Baba, wallahi da sahe na buga shi, ƙara tai kamar ƙararrawa."

"Da sanyi, ko?"

Ya ajiye awartakin, ya gyaɗa kai.

Da Haruna na nan ba na jin zai yi faɗa. Guntayen zai kwashe ya nufi Aliero. Ni na kwashe su, suna cikin buhu a ɗakina, ban san wa zan kai wa ba. Duk sa'ad da wayata ta yi ƙara da hantsi, lokacin zubi, sai gabana ya faɗi. Na roƙi Sani ya bar sana'ar, ya ce in nuna masa wata.

Yanzu yakan gasa kasko babu komai ciki har ya yi ja, ya taɓa shi da dogon ƙarfe, ya kasa kunne. Ya riga ya jefar da uku. Kunnen mutum ba na'ura ba ne, shi ya sa tsorona bai tafi ba. Allah ya jiƙan Haruna. Tun daga ranar da kaskon Sani ya fashe, a layin masu zubin nan babu mai zuba dalma a kaskon da ba a saurare shi cikin wuta ba.