Tsohon da Ya Iya Faɗuwa

Chizuru na zaune a tashar jirgin ƙasa ta Kyoto, a Japan. Yanzun nan ta faɗi ganawar neman aiki, tana tsoron zuwa ta gaba. Gefenta wani tsoho mai sanƙo yana kallon mujallar barkwanci, an zana jarumin tsofaffin finafinan takobi yana sarar maƙiya da ludayi. Dariya yake har da hawaye. Can ya miƙe, ya dafe ciki, ya karkace baki, ya sulale kan benci. Da gani, irin waɗanda ake kashewa a fim ne.

"Kaka, lafiya?"

"Garau, jikata! Sana'ata ce a fim. A sare ni in faɗi, gobe in dawo aiki."

Chizuru ta tuntsire da dariya, ta saɓa jaka, ta nufi jirgin da zai kai ta ganawa ta gaba.