Masu Saya Mini Ƙwaya Don In Ba Su Dariya

Ni manomin albasa ne a Kashin Zama, kuma tun ina saurayi bakina ya fi gonata albarka. Ko a zaman makoki na zauna, sai liman ya toshe baki da rawani.

Ashe ciwo gare ni. Wani lokaci kaina ya ɗau zafi, barci ya ƙaurace mini, in ji zan iya saye Jega har da gadarta. Wani lokaci kuma in kwanta kamar buhun da ruwa ya doka. 'Yan majalisarmu sun gane lokacin zafin ne na fi ban dariya, sai suka riƙa saya mini ƙwaya don wasan ya daɗe.

A irin wannan zafi na fasa rumbun albasar maƙwabcinmu, na loda a mota, wai zan ciyar da Legas. A hanyar Maiyama aka kama ni ina yi wa direba wa'azi. Da aka ɗaure ni, ko ƙullin gari babu wanda ya aiko mini daga majalisar.

Bayan na fito, yayana ya ce ko in je asibiti, ko in bar masa gida. Can aka ba ni magani, aka haɗa ni da masu irin ciwona, muna zama a da'ira kowane mako, likita na jan ragama. Ran da aka ba ni magana na zuba musu labarin albasa, har da kwaikwayon kukan mai rumbu. Ba wanda ya yi dariya. Sai wani dattijon makiyayi daga ƙauyen Liba ya dube ni.

"Malam, mu duk nan mun san wagga dariya. Hwaɗa muna abin da kaka yi in ta ƙare."

Na ji kamar in shaƙe shi. Sai na ji bakina na faɗin yadda na taɓa tsayawa bakin rijiya ina leƙe, ina tunanin faɗawa ciki. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Yanzu ina gidan yayana, ina shan magani, na tuba, na nemi gafarar maƙwabci. Majalisa kuwa cewa suke na zama salam kamar miyar asibiti. To, su je su sayi biri.

Samari, in barci ya guje muku, ku nufi asibiti. Wanda ya miƙo muku ƙwaya yana dariya, ku tambaye shi ko zai raka ku kotu.