Kwalabe shida na ruwan teku a Ajilari

Ranar wata Asabar ce a cikin damina, bayan la'asar. Mu uku ne a barandar gidana da ke Ajilari, ni da yayana mai dillancin shanu, sai 'yarsa ta fari, wadda ke karatun digiri na biyu a kan ƙananan halittu. A gabanmu akwai kwalabe shida. Uku suna nan kore shar, ukun kuma sun koɗe kamar ruwan wankin shinkafa.

Gansakuka ce a cikinsu, irin ta teku, wadda ido ba ya ganin ƙwayarta sai dai launinta. Wani direban tirela ne ya kawo ruwan daga Legas. Da aka rufe makaranta na wani lokaci, yarinyar ta kwaso kwalaben zuwa wurina saboda barandata na samun hasken safe. A kansu za ta rubuta aikinta, kuma ba ta da wasu. In sun mutu, shekararta ta tafi.

"Goggo, wani ya taɓa su?" ta tambaye ni.

Kafin in amsa, yayana ya gyara zama. Ba ya kiran sunanta, kasancewarta 'yar fari, don haka ni ya kalla. "Gaya wa mutuniyar taki ni ne. Makon da ya wuce wancan na ga ruwan ya yi duhu-duhu. Ita da bakinta ta ce akwai bakteriya a ciki. To, abin da ke da ƙwayar cuta ai magani ake ba shi."

Farin maganin allurar shanu ya ɗiga musu, wanda ba ya rabuwa da shi a aljihu.

"Baba, duka shidan?"

"Ni mahaukaci ne? Wa ya taɓa gwada magani a kan garke gaba ɗaya? Rabi ake yi wa, a zuba ido."

Haka mahaifinmu yake yi tun muna daji, kafin mu sayar da shanun mu zauna a birni. Yarinyar ta ɗauki kwalba ɗaya tana juyawa a hannu, ni kuwa na ɗauka kuka za ta yi. Sai ta tashi ta ɗauko kwamfutarta.

Ta nuna mana abin da ta kira jinom, wato dukkan umarnin gado da ke cikin halitta, an karanto shi an jera da haruffa. Na bakteriyar da ke cikin ruwan ne, malaminta ya aika aka karanto musu. Na yi shekaru ina karanta labarai a rediyo, na saba neman jimlar da ta ɗauki nauyin labari, don haka na ce ta faɗa mini a jimla ɗaya. Ta ce bakteriyar tana da cikakken umarnin ƙera bitamin B12, gansakukar kuwa tana buƙatarsa amma ba ta iya ƙera shi. Ita kuma gansakukar tana haɗa sukari da hasken rana, bakteriyar ta ci.

"Musayar nono da hatsi ke nan," in ji yayana. "Ni kuma na kori mai nonon."

"Zato ne kawai, Baba. Jinom ya ce za ta iya, bai ce tana yi ba. Ƙila maganinka ne ya ƙona gansakukar kai tsaye."

"Yaya za a gane?"

Ta ce in rashin bitamin ne, to in aka ba su za su farfaɗo. Bai jira ta gama ba ya sa takalmi. Ya dawo daga kemis ɗin bakin titi da 'yan kwalaben allurar B12, jajaye, yana mitar cewa mai kemis ya tambaye shi ko jininsa ne ya yi ƙasa.

Ta zuba sabon ruwan gishirin da take haɗawa, ta tsarma bitamin ɗin sosai, ta ɗiga a biyu daga cikin koɗaɗɗun. Ta ukun ta bar ta haka nan. Yayana ya ce wannan rashin tausayi ne. Ta ce a wurinsa ta koya.

Daga ranar, kullum in zai tafi kasuwar shanu sai ya biyo ta gidana. Ya kan tsaya a baranda hannuwansa a baya, don an hana shi taɓawa, ya ce, "Yaya marasa lafiya?" Kwanakin farko babu abin gani. Wata safiya ina shara na lura ƙasan kwalba ɗaya cikin biyun da aka ba bitamin ya ɗauki wani launi kamar na ɗanyen lemun tsami. Ban faɗa wa kowa ba sai washegari, da ta biyun ma ta bi sahu, don aikina ya koya mini kada in ba da labari da majiya ɗaya.

Ta ukun ba ta farfaɗo ba. Da aka buɗe makaranta, malaminta ya sa ta maimaita gwajin a ɗakin bincike da awo na ƙa'ida, sakamakon ya fito iri ɗaya, shi ne ya zama babi na huɗu a aikinta.