Ɗakinta na Ƙofar Marke

Jiya a coci matan zumunta suka buga tulu suna waƙa, sai na ji kamar tafin hannunta ne a bakinsa. Tsohuwar da muke kira Gwaggo ita ce mai tulunmu har ta rasu.

Ba ta wuce Ƙofar Marke ba tare da ta sassauta tafiya ta yi addu'a ba. Can aka haife ta, can kuma aka rufe mata ƙofa ranar da aka yi mata baftisma.

Da ƙanenta ya kwanta ciwo, ni na raka ta dubiya. Ta dama masa kunun tsamiya, ta naɗe kwanon da zane don kada ya huce. A zaure aka shimfiɗa mana tabarma, ba a ce mu shiga ciki ba. Ya fito yana dogara sanda, ya shanye kunun, sannan ya ce, "Yaya, ɗakinki na nan, ba wanda yas shiga. Ki dawo addinin gida mu tsufa tare."

Ta daɗe tana kallon ƙofar cikin gida. Ta ce, "Allah ya sani ina son ɗakin ga, ina sonka. Amma Yesu bai taɓa yashe ni ba, ni ma ba ni barin shi."

Har muka kai gida a Mabera tana kuka a cikin keke. Washegari ta sake dama masa kunu.

Ubangiji ya ba ta hutawa, ya ba mu zuciya irin tata, wadda ta rasa gida ba ta daina son mutanensa ba. Amin.