Malam Jaji Gai-da-kai

Malam Jaji Ɗan'inna mutumin Kiyawa ne, ɗan gidan malamai, kuma shi da bakinsa yakan ce a cikin 'ya'yan mahaifinsa shi ne wanda aka yi asarar tawada a kansa. Yayyensa duk sun haddace, ga murya mai daɗi. Shi kuwa in ya ɗaga tasa muryar a tsakar gida sai kaji su watse. Da mahaifin ya ga haka, sai ya tura shi Kano wurin wani tsohon abokinsa mai karantar da hisabi, wato ilimin lissafi, ko Allah zai sa ya iya rabon gado.

Ya dawo gida a shekarar da Nasara suka shigo ƙasar. Yakan ce, "Su sun zo da bindiga, ni na zo da ƙa'ida ɗaya, kuma a cikinmu babu wanda aka yi wa maraba."

Gaskiya ya faɗa, don rabon gadon bai zauna masa ba. Abin da ya kama zuciyarsa wata ƙa'ida ce da malaminsa ya biya masa da Larabci mai nauyi. Jaji ya ƙudurta a ransa sai ya faɗe ta da Hausar da ake cinikin gero da ita. Ya yi ta juya ta a gona, yana noma yana magana shi kaɗai, har ya samo yadda zai ce: "In kana da adadi biyu, babba da ƙarami, kana so ka buga jimlarsu a kanta, to buga babba a kansa, ka buga ƙarami a kansa, sannan ka buga babba a ƙarami har sau biyu, ka tara."

Wanda ya fara kai wa ita shi ne Muntaka, taubashinsa, mai saƙar tabarma, wanda tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

Jaji ya ce, "Ɗauki uku da biyu. Biyar ke nan, kuma biyar sau biyar ashirin da biyar. To duba. Uku sau uku tara. Biyu sau biyu huɗu. Uku sau biyu shida, ka sake wata shidan. Tara su ka gani."

Muntaka ya ƙirga a yatsu ya ce, "Ashirin da biyar ne. Amma tun da na san biyar ce, me zai kai ni wannan dogon zagaye?"

Abin da Jaji ya iya cewa kawai shi ne abin yana da kyau. Muntaka ya ce shi ma bakan gizo yana da kyau, amma bai taɓa ganin wanda ya shimfiɗa shi ya kwanta ba.

Haka rayuwa ta ci gaba. Jaji yana noman gero da wake, yana da 'yan awaki, matarsa Safiyatu tana yin daddawar da ake yabo har Dutse. Ɗalibin hisabi kuwa bai taɓa samun wanda ya kai mako ba.

Sunan da ya bi shi ya samo shi ne a wani taron suna. Baƙi sun zo daga Buji, an ci an sha ana hira a ƙofar gida, sai Jaji ya ga mutane suna gaisawa, nan take wata dabara ta faɗo masa. Ya tsayar da mutanen Kiyawa uku da na Buji biyu, ya tara ƙwallayen dabino a gabansa, ya ce kowace gaisuwa zai ajiye ƙwallo ɗaya.

Ya ce, "Na Kiyawa su gai da juna, wannan shi ne babba a kansa. Na Buji su gai da juna, ƙarami a kansa ke nan. Sannan na Kiyawa su gai da na Buji, na Buji su rama. Kun ga sau biyun. Za ku ga ashirin da biyar cif."

Dattawan suka biye masa don kunyar mahaifinsa. Aka yi ta ina gajiya da ina iyali har aka gama. Jaji ya ƙirga ƙwallaye ya sami ashirin. Ya sake ƙirgawa, ashirin ɗin dai. Can sai ya gano inda biyar ɗin ta maƙale, kuma maimakon ya yi shiru ya tashi, sai ya ce, "Ai saura kowa ya gai da kansa."

Wani dattijon Buji ya ce, "Malam, mu a garinmu ba mu iya wannan ba. Sai ka gwada mana."

Jaji ya gyara riga, ya dafa ƙirji, ya ce, "Malam Jaji, barka da rana." Ya kuma amsa wa kansa da lafiya lau. Kafin la'asar sunan Gai-da-kai ya zagaye Kiyawa. Bai taɓa jin haushinsa ba. In an kira shi da shi yakan ce ai shi kaɗai ne a garin da bai taɓa gaisuwa an ƙi amsa masa ba.

Bayan wasu shekaru aka zo da awon gonaki, ana neman malaman taki, masu auna gona da takun ƙafa. 'Yan uwa suka ce ga ranar karatunsa ta zo. Ya ari riga ya tafi Dutse. Babban malamin awon ya nuna masa wata gona a gindin duwatsu ya ce ya taka ta. Jaji ya duba ya ga gonar tsawonta da faɗinta ɗaya ne, an kuma ƙara mata wani yanki ta gabas da ta kudu. Daɗi ya kama shi. Ya tsuguna ya zana ta a ƙasa, yana nuna tsohuwar gona, da yanki biyu masu kama da juna, da ɗan lungun da ya rage a kusurwa. Mutumin ya saurara har ya gaji, ya ce, "Malam, na ji. Yanzu taka." Jaji ya taka zuwa ya taka dawowa, lissafin biyu suka ƙi haɗuwa, don a dawowa ƙaya ta soke shi yana ɗingishi. Da ya iso gida Safiyatu ta tambaye shi yadda aka yi. Ya ce, "Ƙafa suke nema, ni kuma baki na kai musu."

Da girma ya kama shi, sai ya koma kan wata ƙa'idar da ta fi wuya, wato a buga jimlar a kanta, a kuma sake bugawa. Wannan ta ƙi shiga Hausa. Duk yadda ya jera kalmomin sai ya ɓace a tsakiya. Wata safiya ya ga sauran tuwon jiya ya daskare a akushi, ya sa wuƙa ya gyara shi, tsawo da faɗi da tsayi duk daidai.

Safiyatu ta ce, "Malam, ɗumame zan yi da shi fa."

Ya ce, "Aro na yi, yanzu zan maido."

Sai ga Muntaka ya yi sallama, shi ma ya tsufa har saƙar ta fara gagararsa. Jaji ya zaunar da shi. Ya yanka tuwon sau ɗaya ta tsawo, ba a tsakiya ba, kusa da gefe. Ya yi haka ta faɗi, ya yi ta tsayi. Tuwo ya rabu takwas.

Ya ce, "Ga ƙato ɗaya, kowane ɓangarensa babba. Ga ɗan mitsitsi ɗaya, kowane ɓangarensa ƙarami. Ga masu faɗi uku, babba biyu da ƙarami ɗaya. Ga dogaye uku, babba ɗaya da ƙarami biyu."

Muntaka ya daɗe yana kallo. Ya sa hannu ya harhaɗa su suka koma yadda suke, ya sake warewa. Sannan ya maimaita maganar tun daga farko bai yi kuskure ko ɗaya ba. Jaji ya ji idonsa ya ciko da ƙwalla.

Muntaka ya ce, "Na gane sarai. Kuma na gane wanne ne rabon baƙo." Ya ɗauki ƙaton, ya tambayi Safiyatu ko akwai sauran miyar kuka.

Safiyatu ta kawo miyar, ta kwashe masu faɗin da dogayen ta kai tukunya. Aka bar wa Malam Jaji ɗan mitsitsin. Ya juya shi a tafin hannu ya ce shekara talatin yana karantarwa, yau ya sami ɗalibi, kuma ladan karatun bai cika baki ba. Ya yi bisimilla ya jefa.

Damina biyu bayan nan ya rasu, yana tsakiyar neman abin da zai yanka ya nuna bugu na gaba, alhali tsawo da faɗi da tsayi sun ƙare masa.