Isifu Kafinta da Wuyan Jitata

Ina zaune a ƙofar shagona a zongon Sokode sai wani direban Dapaong ya tsaya, bai ko kashe mota ba, ya ce, "Baba Sale, sai haƙuri, Isifu Kafinta ya rasu, har an kai shi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da ni da Isifu tare muka yi samartaka a orkes, wato ƙungiyar makaɗan da ke kiɗan bukukuwa, shi yana ganga, ni ina jitar bas.

Jitar nan ta girmi duk 'ya'yana. Rufin ɗakina ya yi yoyo wata damina, ruwa ya jiƙa ta, wuyanta ya lanƙwashe, tsirkiyoyin suka yi tsatsa. Kowa ya ce in yar. Da Isifu ya zo ziyara, ya ɗaga ta ya kanne ido ɗaya yana duban wuyan, ya ce, "Sale, katakon bai mutu ba, fushi ya yi. Sokode akwai laima, bari in kai ta Dapaong ta sha iska." Na nuna masa yatsuna da suka fara sanƙarewa, na ce so nake in kaɗa ta ko sau ɗaya kafin su ƙi ni gaba ɗaya. Ya ce za ta riga yatsun.

Isifu ba ya gaggawa, har yakan ba mutum haushi. Ya kankare gangar jikin da hannu, ya sake naɗin wayar cikinta. Wuyan kuwa ya kwance shi, ya ɗaure shi jikin miƙaƙƙen katako da robar taya, ya jingine a madafa don ɗumin murhu ya miƙar da shi sannu a hankali. In na kira ina masa faɗa, sai ya yi dariya ya ce, "Wanda ya matsa wa katako, sau biyu zai yi aiki." Kiranmu na ƙarshe ya ce wuyan ya miƙe, saura haɗawa.

Na isa Dapaong ranar sadakar uku. Aka yi addu'a, aka kawo shinkafa, na ci. Bayan an watse matarsa Memuna ta fito mini da gangar jitar tana sheƙi, ga sababbin tsirkiyoyi a takarda. Na tambaye ta wuyan. Ta shiga madafa, ta daɗe, ta fito tana kuka. Matan unguwa da suka zo girki itace ya ƙare musu, suka ga katako ɗaure da roba, suka kwance, suka tura ƙarƙashin tukunya.

Yayan Isifu, Alhaji, wanda tun muna yara yake kiranmu 'yan iska, ya ce, "To mene ne? Kayan kiɗa ya dafa sadaka, ai ya samu lada ke nan." Wallahi ban taɓa jin ɗacin magana irin wannan ba. Aikin ƙarshe na hannun ƙaninsa ne, ko kallonsa bai yi ba. Ni kuma shinkafar tana cikina.

Na dawo Sokode da gangar jitar a kan cinyata. Irin wuyan nan ba a samunsa yanzu, mai haƙurin sassaƙa wani kuma yana ƙasa.

Allah ya jiƙan Isifu, ya miƙe masa hanya yadda ya miƙe katakon nan, ya yalwata kabarinsa. Allah ya ba Memuna da yaran dangana. Ni ma a sa ni a addu'a, don har yanzu zuciyata ba ta huce ba.